Yanka Na Goma Sha Uku

…sha ɗaya. Gilashi na sha ɗaya ke nan a ƙarƙashin madubin dubawa, kuma har yanzu lafiya lau. To me ya hana ni sa hannu?

Yarinya ce, shekararta uku. Ƙodar hagu. Takarda ta ce uwar ce ta ji ƙullutu tana yi mata wanka. Kullum wanka — hannun uwa ya riga na'urarmu gani. Ni ba na ganin yara. Naman da aka ciro nake gani, in yanka siriri, in rina, in faɗa wa likitoci ko ciwon dajin mai jin magani ne ko mai taurin kai. Da maganata suke auna magani.

Ƙananan ƙwayoyin halitta shuɗaye, reras, kansu ɗaya… Wadda nake nema ƙatuwar nan ce, baƙa, mummuna, mai ninka 'yan'uwanta uku. Guda ɗaya a lungu ta isa ta sauya komai.

Kai ma, yaron bara waccan, haka naka ya yi kyau. Ƙa'ida: kowane santimita, yanka ɗaya. Naka santimita goma ne, na ɗauki yanka shida — aiki ya yi yawa, wai ni gwana, ido ya goge. Na rubuta mai sauƙi. Suka ba ka magani mai sauƙi. Mahaifiyarka ta nemo ni har ƙofar nan, warin sinadari yana sa ta hawaye. "Likita, Allah ya raya naki." Na ce amin. Amin na ce!

Wata takwas dajin ya dawo maka a huhu. Na koma bokitin ragowar namanka, na yi yanka na bakwai… ga baƙar ƙwayar zaune tana kallona. Wa na faɗa wa?

Waya na ruri. Likitan tiyata ne, sarkin gaggawa. Ya yi ta yi.

Sha biyu. Lafiya lau. Alhamdu— tsaya. Nawa na auna ƙullutun yarinyar? Takarda… rubutuna ne, sha biyu da rabi. Rabin fa? Wa ya duba rabin?

Alƙalami na hannuna. Bokitinta na ƙarƙashin tebur, a rufe. Tsoro nake ji wallahi, kuma na gaji. In na sha uku ya fito fes, na sha huɗu fa? A ina ake tsayawa, yaro? Kai da ban taɓa ganin fuskarka ba… faɗa mini.