Keken Guragu Don Kurma

Jami'ar kula da yara ta kai hawa na biyu tana jan keken guragu, gumi ya jiƙa mata mayafi. Da safe mai kula da sito ya ga kalmar "nakasa" a jikin fayil, ya turo mata keken, ya ce abin da ake bayarwa ke nan.

Abin da ke cikin fayil ɗin babu daɗi. Maƙwabci ya kai ƙara cewa jariri kan yi kuka har muryarsa ta dishe uwar ba ta ɗauke shi ba. Ofis ya buga mata waya sau bakwai, ba ta amsa ba. Shugaba ya ce in yau ma ta ƙi ba da haɗin kai, a kai yaron gidan reno.

Jami'ar ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙofar kusa ce ta buɗe, wani mutum ya leƙo da jajayen idanu.

"Hajiya, ko guduma kika sa ba za ta ji ba. Kurma ce."

"Kurma? To wa muka yi ta buga wa waya?"

"Ku kuka sani. Ni maigadi ne, da rana nake barci. Ni na kai ƙarar."

Ana haka wata tsohuwa ta hauro da mabuɗi, ta ce ita ce goggon mijin. Mijin direba ne, ya yi tafiya, ita takan leƙo sau ɗaya a mako.

A ciki matar na kan keken ɗinki, jaririn na kan tabarma, wani dogon ƙyalle ya haɗa ƙafarsa da hannunta.

"Innalillahi! Ɗaure shi take yi?" in ji jami'ar.

Goggo ta zauna a keken guragun, ta gyara zani. "Tambayi abin da kike so, 'yata, ni zan fassara."

Jami'ar ta tambayi me matar ke buƙata. Goggo ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Matar ta amsa da yatsu, ta nuna kunne, ta nuna yaron.

"Ta ce firiji."

"Firiji?"

"Da maganin ciwon gwiwa."

Matar ta dubi bakin Goggo, ta yi tsaki, ta fizge biron jami'ar. A bayan fayil ta rubuta: "Goggo ba ta iya maganar hannu ba. Ƙyallen nan, in ya motsa ina ji a jikina. Amma in na shiga wanka ko wanki, dole in kwance. Ina son na'urar da ke kunna fitila in yaro ya yi kuka. Kuma ku riƙa turo saƙo, ku daina kira."

Ta ja layi biyu ƙarƙashin "saƙo". Sai ta ƙara: "Kin zo ɗaukar sa ne?"

Jami'ar ta miƙa hannu. Ta karɓi biron ta rubuta: "A'a."

Ta fita ta kira shugaba. Ya ce na'urar sai an cike takarda, an yi zama, wata uku in an yi sa'a. Tana ajiye waya yaron ya tsanyara kuka. Kafin ya ja numfashi na biyu, maigadi ya leƙo.

"Kin ji ko? Ta bango yake shigo min, kamar a kan filona yake."

Jami'ar ta ƙare masa kallo. "Malam, kullum kana gida da rana?"

"Kullum. Me ya faru?"

Kafin la'asar mai gyaran wutar da jami'ar ta kira ya huda bangon, ya saƙala jan ƙwan lantarki a ɗakin matar, wani a banɗaki, ya kafa makunnin daidai kan gadon maigadi.

"Ni da na kai ƙara, ni aka bai wa aiki?"

"Ka fi son kukan awa ɗaya, ko danna yatsa ɗaya?"

Ya yi ƙunƙuni ya rufe ƙofa.

Jami'ar na tattara takardunta jan ƙwai ya haska. Matar ta zabura ta duba yaron, ta same shi yana barcinsa. Ta fita da fushi, jami'ar ta bi ta. Maigadi na tsaye a bakin ƙofarsa, riƙe da wandon aiki da ya yage, yana nuna keken ɗinki da haɓa.

Matar ta juya wandon, ta duba yagar, ta ɗaga masa yatsu biyu: jibi.