Tika a Ƙofar Filin Jirgi

Tun asuba Bimala ba ta sa ko ruwa a bakinta ba. Yau ce ranar da mace ke shafa wa ɗan'uwanta tika, wato alama mai launi bakwai, a goshi, don mutuwa ta kauce masa har shekara ta zagayo, kuma masu duba taurari sun ce sa'ar bana ba ta wuce sha biyun rana. Shekara da shekaru sai dai ta ɗaga masa farantin launukan ta waya, shi yana can Lisbon yana wanke kwanuka a gidan abinci, su yi dariya, ta kashe ta yi kuka. Bana kam ƙanen nata Hemraj ya hau jirgi.

"Tun jiya da rana fa yake sama," ta ce da mijinta Tek. "Wace irin duniya ce wannan da ba ta da ƙarshe?"

"Ya sauka Istanbul, ya sha zaman jira, ya sake hawa. Ke da ko Pokhara za mu sai kin yi amai a mota, ina ruwanki da lissafin jirgi?"

A lissafinsu, ƙarfe tara jirgi zai sauka Kathmandu, goma Hemraj na zaune a tsakar gida. Sai ga gajimare ya rufe kwarin Kathmandu ruf. Goma ta yi, babu labari. Bimala ta dubi launukan da ta haɗa, ta dubi sarƙar furen da ta saƙa da hannunta, sai kawai ta naɗe komai a mayafi.

"Tashi ka tada babur."

"Da farantin? A gaban mutane?"

"Mutanen ne suka goya shi da uwarmu ta rasu?"

A ƙofar filin jirgi ta shimfiɗa mayafin ta durƙusa, ashe ba ita kaɗai ba ce, ga mata nan birjik da farantai. Jirgin ya gama kewaye-kewayensa ya sauka, amma layin ciki ya riƙe mutane. Tana kallon babban agogo har sandunansa suka haɗu a kan sha biyu suka rabu. 

Ƙarfe ɗaya saura kwata Hemraj ya fito, ya rame, idanu jajur. Ya tarar da yayarsa hawaye na ɗiga cikin launin ja.

"Yaya, wa ya mutu?"

"Rufe min baki! Sa'a ta wuce. Ka keto duniya a banza."

Ya durƙusa ya miƙa mata hannunsa. "Duba nan. Ban taɓa agogona ba tun Lisbon. Bakwai ma yanzu ta gota. Ni goshina safiya ce a kansa."

"Kai, suruki, yaudarar mutuwa za ka yi?" in ji Tek.

Bimala ta daɗe tana kallon agogon. Ta san wayo ne irin nasa na yarinta. Ta share fuska da gefen hannu, ta zagaye shi da ɗigon mai, ta ja farin layi a goshinsa.

"Tsaya cak, ɗan banza," ta ce, "kar ka sa in karkace."