Ranar da Aka Roƙi Fada Ya Ja Jawabi

Shekara goma sha tara ke nan Sista tana riƙe da ɗakin jinya a makarantar kwana ta maza da ke ƙarƙashin cocin Katolika. Ɗakin ba wani babba ba ne, gado shida ne da kabad ɗin magani da teburinta. Tun daga takun yaro a baranda takan gane ko ciwon gaske ne ya kawo shi ko gudun jarrabawa.

Ranar bikin ƙarshen shekara, da za a sallami 'yan aji shida, ta sa farar rigarta da ta sha guga tana shirin tafiya coci, sai ta ji ana buga ƙofa da ƙafa. Samari biyu ne ɗauke da na uku.

"Sista, Tsinke ne. Abin ya tashi."

Tsinke yana da ciwon sikila. Tun yana aji ɗaya 'yan ajinsu suka laƙaba masa sunan saboda sirantarsa, kuma a shekara shidan nan babu zangon da bai kwanta a gadon da ke jikin taga ba. A kan gadon ya rubuta jarrabawa har sau biyu. Shi 'yan aji shida suka zaɓa ya yi jawabin bankwana a madadinsu, don duk makarantar babu mai bakinsa.

Sista ta taɓa goshinsa, ta matsa gwiwoyinsa. Ya cije leɓe.

"Jiya da aka yi ruwa kana ina?"

"Muna jera kujeru a zauren taro."

"Kai da na hana ko wanki da ruwan sanyi? Wa ya aike ka?"

"Rana ɗaya ce ta rage, Sista. Na ce ni ma in taɓa yin aiki kamar kowa."

Ba ta ƙara faɗa ba. Ta sallami abokansa su tafi coci, ta ɗaura masa ƙarin ruwa, ta yi masa allurar rage zafi, ta jera masa robar ruwan ɗumi a ƙafafu. Daga inda suke suna jiyo waƙar mawaƙan coci. Tsinke ya juya fuska bango.

"Ƙarfe nawa ne jawabin?" ta tambaye shi.

"Sha ɗaya da rabi. Daga Fada, shugaban makaranta, sai ni."

Ta duba ledar ruwan, ta duba agogon hannunta. Ba zai ƙare ba sai wajen sha biyu da kwata. Ita kuwa Sista an san ta, ko bishop ne ya zo da kansa ba ta cire wa marar lafiya ruwa kafin lokaci.

"Sista, don Allah. Babana ya rufe shagonsa ya taho. Bai taɓa ganina a tsaye gaban mutane ba, kullum a kwance yake zuwa ya same ni."

"Yi shiru ka sha ruwa," in ji ta.

Ana fitowa daga coci ta tare Fada, shugaban makarantar, a bakin ƙofa yana cire rigar ibada. Fada mutum ne mai kirki, amma in ya kama magana sai yunwa ta kori masu sauraro. Malamai sun shafe mako suna lallashinsa kada jawabinsa na bana ya wuce minti goma, ya kuma yi alkawari.

Da ta gaya masa halin da ake ciki, ya ce, "Ayya, yaron nan! To, sai shugaban ɗalibai ya karanta takardarsa."

"A'a, Fada. Shi zai yi abinsa. Minti arba'in da biyar nake nema a wurinka."

"Wane irin minti arba'in da biyar?"

"Ka ja jawabinka. Kada ka sauka sai ka gan ni a ƙofar baya."

Fada ya zura mata ido ta saman tabarau. "Sista, shekara talatin ina firist, ba a taɓa roƙona wannan ba."

"To yau an roƙe ka."

Ta koma ɗakin jinya ta buɗe taga. Lasifika na kawo musu komai. Aka raba kyaututtuka, 'yan aji uku suka yi wasan kwaikwayo, sai Fada ya hau. Ya fara daga ranar da aka aza tubalin farko na makarantar. Ya bi shugabanninta ɗaya bayan ɗaya. Da suka ƙare ya shiga tarihin rijiyar burtsatse. Tsinke yana dariya yana riƙe haƙarƙari, yana cewa, "Wayyo, Sista, za su tsine min in suka ji ni ne sanadi."

Sha biyu da minti goma ruwan ya ƙare. Zafin ya lafa amma ƙafafun ba za su ɗauke shi ba. Ta taimaka masa ya sa kwat ɗin makaranta, ta ɗaura masa laktaye da kanta, ta zaunar da shi a keken marasa lafiya ta tura.

Da suka kai ƙofar baya, Fada yana bayanin yadda aka dasa itatuwan bakin filin ƙwallo, rabin iyaye suna gyangyaɗi. Yana hango farar rigarta ya ce, "A taƙaice dai, Allah ya yi muku albarka," ya zauna. Tafin da aka yi masa har da fito.

'Yan aji shida huɗu suka ɗaga keken cak suka ɗora a kan dandamali. Tsinke bai buɗe takardarsa ba. Ya gode wa malamai, ya nemi gafarar mai gadi a kan mangwaron da suka yi shekara shida suna sata, ya gode wa abokan da suka riƙa kwafa masa darasi duk lokacin da yake kwance. Sannan ya ce wa 'yan ƙananan aji, duk wanda jikinsa ba ya ba shi haɗin kai kada ya ɓoye, ya je a duba shi, makarantar nan tana jiran mutum. Sista tana tsaye a baya ta ga dattijon nan, baban Tsinke, ya miƙe shi kaɗai a tsakiyar zauren, hularsa a hannu, bai zauna ba har yaron ya gama.

Bayan cin abinci fili ya cika da akwatuna da motoci. Samari masu sabon gemu suna rungumar juna suna kuka, suna rubuta wa juna lambar waya a bayan riga. Iyayen Tsinke suka zo ɗakin jinya ɗaukarsa. Uwar ta kama hannun Sista da hannu biyu, hawaye na zubo mata.

"Haba Mama, ai yau ranar murna ce," in ji Sista. Ta miƙa mata ambulan. "Duk tarihin ciwonsa yana ciki, da magungunan da suke karɓarsa. In ya samu jami'a, ranar farko a kai wa likitan can. Kai kuma, ban da ruwan sama."

"Na ji, Sista."

"Likitanci za ka karanta?" ta tambaye shi.

"Ni? Ai ni da asibiti mun ga juna ya isa. Lauya zan zama, a riƙa biyana ina surutu."

Ta raka su har mota, ta tsaya sai da suka fita daga ƙofar makaranta. Da ta dawo ta tarar da 'yan aji ɗaya su biyar a jere kan bencin baranda, kowa ya dafe ciki.

"Faranti nawa-nawa kuka ci?"

"Uku-uku ne kawai, Sista."

Ta naɗe hannun riga ta buɗe kabad.