Ɗaliba Ɗaya a Darasin Kiwo

Da aka raba wa 'yan aji huɗu takardar zaɓen darasin sana'a, Malama Fiddausi ta ɗauka ajin kiwon dabbobi ne zai fara cika. Ita ke kula da tsarin karatu a wata sakandare mai zaman kanta a Agege, kuma rabin ɗalibanta 'ya'yan mahauta ne da dillalan shanu na Oko-Oba.

Takardu arba'in da biyu suka dawo. Gyaran waya, ɗinki, haɗa sola. Kiwo kuwa mutum ɗaya ce ta zaɓa, Mastura Almu.

Shugaban makarantar, Malam Abdulganiyu, ya ce, "A soke shi. Ba ma buɗe aji saboda yarinya ɗaya."

"Oga, ka ba ni zuwa Juma'a," in ji Malama. Abin ya tsaya mata a rai.

Ta tambayi sauran, duk amsarsu ɗaya: a cikin shanu suka tashi, me kuma za a koya musu? Sai ta kira Mastura lokacin tara.

"Ke me kika gani a kiwo?"

"Malama, babana ne. Zai hango saniya daga nesa ya ce wannan ba ta da lafiya. Dillalai su yi ta musu da shi. Likitar dabbobi ta zo ta duba, ta hana a yanka. In na tambaye shi me ya gani, sai ya ce gani ne kawai. To ni ganin nake so in sani."

Ranar Alhamis da safe Malama ta hau motar danfo zuwa kara, kasuwar shanu. Ta tarar da Alhaji Almu, mahaifin Mastura, da sanda a kafaɗa, takalmin roba har gwiwa. Ya yi mamakin ganin malamar makaranta cikin taɓo. Da ya ji abin da ya kawo ta, ya yi dariya, ya nuna mata fararen shanu biyu.

"Wacce za ki saya?"

Ta duba, ta sake dubawa. Ta nuna mai ƙibar.

"Ita ce marar lafiyar."

"Ta yaya ka sani?"

"Gani ne..." Sai ya ga ta ciro biro tana jira. Ya sosa gemu, ya daɗe yana kallon saniyar. "Taɓa hancinta. Kin ji a bushe? Na waccan da danshi. Kuma tun ɗazu ba ta tuƙa, dubi bakinta. Ga kunnuwa sun sauka." Ya juyo ya kalle ta. "Ikon Allah. Ashe abin yana faɗuwa."

Malam Abdulganiyu bai yarda da sabon aji ba, amma ya amince malamin noma ya ɗauki Mastura, kuma duk Laraba biyu a je kara. Kafin zango ya ƙare wasu 'yan mata uku sun bar ɗinki sun biyo ta.

A zuwa na uku Alhaji Almu ya karɓi littafin 'yarsa, ya tsaya a hoton cikin saniya da aka raba kashi huɗu. Shekara talatin yana ganin kayan cikin nan a mayanka. Ya ɗora yatsa a kan na ukun.

"Wannan mai ninki-ninkin, karanta min. Me suka ce aikinsa?"