Baƙuwar Yaya

Tun da aka gyara falonmu Yaya ta daina cin abinci. Ba fushi ta yi da kowa ba, ba ta kuma ce wani wuri na mata ciwo ba. Za a kawo mata kwano ta buɗe, ta gyara zama, ta yi bisimilla, sai ta ɗan tura shi gaba ta naɗe hannu. Haka abincin zai huce a gabanta har ƙudaje su fara kawo gaisuwa.

Yaya ita ce babbarmu, ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, shi ya sa har yau da furfurata Auta take kira na. Shekaru sun ja, hankalinta ya fara fita yawo yana dawowa. Wata rana ta san kowa a gidan har da kajin maƙwabta, wata rana ta tambaye ni ko an taso mu daga makaranta, ni da ko a wancan zamanin ban cika zama a cikinta ba. Amma kafin gyaran, ci dai tana ci, ba a taɓa roƙonta ba.

Gyaran falon aikin Amarya ne, matar babban ɗana. 'Ya'yanta uku, sunan dai ya ƙi sakinta. Yarinya ce mai hannu, duk abin da ta gani a waya sai ta gwada. Tsohuwar tayar da na ajiye tun ina tuƙa babbar mota, ta naɗe ta da igiya ta ɗora mata katako, ta zama tebur. Kwalaben lemo ta shafa musu fenti ta zuba furanni. Akwatunan tumatir ta goge su ta kafa a bango, aka jera littattafan yara. Mijinta yakan ce ko kai ne ka daɗe zaune wuri ɗaya sai ta shafa maka fenti. Bangon ta yi masa ruwan madara, ta ɗinka labule da ragowar yadi, ta samo wani babban madubi a wajen mai aski da ke tashi daga shagonsa, ta rataya don falon ya ƙara faɗi. Kujerar Yaya kuma ta ɗauke ta daga bakin ƙofa ta mayar ƙarƙashin taga, inda iska ke shigowa. Gaskiya falon ya yi kyau. Ni kaina da na shigo sai da na goge ƙafa.

Da abin ya ƙi ƙarewa muka kai Yaya wajen likita. Ya auna duk abin da ake aunawa, ya ce bai ga cutar da za ta hana ta ci ba, amma ta rame, in aka ci gaba a haka sai dai a kwantar da ita a sa mata roba ta hanci. A asibiti mijin Yaya ya rasu, tun daga ranar ta sa na yi mata alkawarin ba zan bar ta ta kwana a can ba. Ita wataƙila ta manta da alkawarin. Ni ban manta ba.

Ɗana mijin Amarya, wanda muke kira Injiniya don yana gyaran firji, ya ce warin fenti ne.

Na ce, "Warin fentin ya san shayi? Da safe a ɗakinta tana shanye kofi guda, har ta nemi burodi."

"To a riƙa kai mata abincin ɗaki mana, Baba."

Aka kai. Yaya ta dubi kwanon ta dubi Amarya ta ce, "Ni mai jego ce? A mayar falo. Ba a ɓuya da abinci." Aka mayar falo, ta zauna, ta buɗe, ta tura gaba.

Abin ya tsaya mini a rai. Na yi rayuwata a kan hanya, kuma abu ɗaya da hanya ta koya mini shi ne, in mota ta fito da sabuwar ƙara, kada ka fara da kwance inji, ka tambaya me aka taɓa mata na ƙarshe. To a falon nan an taɓa komai. Sai na ce zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da kwano. Amarya ta sayo farantan tangaran masu zanen ganye, na ce a dawo wa Yaya da tsohon kwanonta mai murfi. Ta yi murna da ganinsa, ta shafa shi, ta tura gaba. Na sa aka janye teburin taya, ko ƙaurin roba ne ke damunta. Shiru. Aka ɗaure labule, aka fitar da furanni. Har girkin na sa matar maƙwabci ta yi wata rana, ban gaya wa kowa dalili ba, amma Amarya ba yarinya ba ce. Da yamma ta same ni a tsakar gida ta durƙusa.

"Baba, in gyaran ne bai yi wa Gwaggo ba, ku faɗa mini in kwashe komai. Bangon ma sai in mayar da shi yadda yake."

"Da dattin da zanen yaran?"

Ta yi dariya, idonta kuwa ya cika. Na ce ta tashi, ba wanda ya ce laifinta ne, ta ba ni lokaci.

Abin da ban yi ba duk kwanakin nan shi ne kallon Yaya daga nesa. Kullum a gefenta nake zama ina lallashi, idona a kan kwano. Rannan da azahar sai na ɗauki rediyona da ƙaramar sukundireba, na zauna a ƙasa can bayan kujerarta, kamar mai gyara. Amarya ta ajiye shinkafa da miya ta fita. Falon ya yi tsit.

Yaya ta buɗe kwanon. Ta ɗaga kai ta dubi bangon da ke gabanta, ta ɗan sunkuyar da kai irin na gaisuwa. Sannan ta tura kwanon, a hankali ta ce, "Bisimilla mana, baiwar Allah. Yau ma?"

Na bi idonta. A cikin madubin mai aski, wata tsohuwa mai ɗan kwali ruwan ƙasa ta turo nata kwanon ita ma, ta naɗe hannu tana jira.

Na ajiye rediyon na matso. "Yaya, da wa kike magana?"

"Ka rage murya, Auta, tana jinka. Baƙuwa ce. Tun da aka yi fenti take zuwa."

"Daga ina?"

"Ina zan sani, ba ta magana. Bakinta dai na motsi. Tsohuwa ce tukuf, da alama ba ta da kowa. Ka dube ta, kullum ramewa take. Ku duk gidan nan ba mai ido? In na miƙa mata sai ta miƙo mini nata. Yaya za a yi in ci tana kallo?"

Na daɗe ina duban su biyun. Na ga abubuwa a duniya, na taɓa ganin direbobi biyu sun tsaya a bakin siririyar gada kowa na ba ɗan'uwansa hanya har layi ya taru a bayansu. Amma mutum ya hana kansa abinci don kunyar kansa, ranar na fara gani.

Na ji daɗi kamar wanda ya gano wayar da ta tsinke a inji. Injiniya na dawowa daga aiki na sa muka sauke madubin muka jingina shi a sito, fuskarsa na kallon bango. Na ce musu gobe kowa ya zo ya ga ci.

Washegari aka kawo abinci. Yaya ta zauna, ta ɗaga kai, ba kowa sai ƙusa a bango. Ta juyo ta dube ni, irin kallon da take mini ina yaro in na dawo da riga a yage.

"Kun kore ta."

"Ta tafi gida ne, Yaya."

"Wane gida? Da yunwa ta tafi. A gidanmu aka yi wannan, Auta?"

Ko murfin ba ta buɗe ba. Washegari da safe shayin ma ta ƙi. Da hantsi aka neme ta a ɗaki aka rasa, sai a bakin ƙofar gida muka same ta, takalmi ƙafa ɗaya, kwanon a rungume, tana leƙen titi hagu da dama. Da na riƙe hannunta zan mayar da ita, sai na ji kamar na riƙe kara. Injiniya ya ja ni gefe ya ce, "Baba, gobe dai sai asibiti."

Amarya ce ta ce, "Baba, ku bar ni in gwada wani abu. In bai yi ba shi ke nan."

Ta shiga sito ta fito da tsohon firam ɗin tagar kicin da aka cire shekarun baya. Ta kankare shi da takardar goge katako, ta shafa masa shuɗin fenti, ta sa a rana. Mijinta ya kai madubin wajen mai gilashi aka rage shi daidai firam ɗin. Ta ɗinka ɗan labule falle biyu da ragowar yadin nan, ta zura a waya. Ina zaune ina miƙa mata ƙusa ina tambaya.

"Me ya sa taga?"

"Baba, baƙuwar da ke cikin falo dole a ba ta wurin kwana. Gwaggo takan tambaye ni da yamma ina aka shimfiɗa wa matar nan, ni kuma na zaci cikin mantuwarta ne. Amma maƙwabciya tana da gidanta. A buɗe taga a gaisa, a rufe kowa ya kama harkarsa."

"A wayarki kika ga wannan ma?"

"A'a, wannan ba ya ciki."

Ta kafa shi ƙasa-ƙasa, daidai fuskar mai zaune, ta ja labulen ta rufe. Da la'asar aka zaunar da Yaya, aka ajiye kwano. Amarya ta durƙusa kusa da ita.

"Gwaggo, ashe matar nan maƙwabciyarmu ce. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Ga tagarta."

Ta yaye labulen. Yaya ta ƙura ido, sai fuskarta ta washe, ta cikin tagar ma haka.

"Ashe kina nan. Kin tayar mana da hankali." Ta juyo wajen Amarya. "Dubi yadda ta ƙara zubewa."

Ta buɗe kwanon, ta yi bisimilla, ta tura gaba. Waccan ma ta turo. Suka naɗe hannu.

Amarya ta dube ni, Injiniya ya dubi silin. Mun dawo bakin gada. A nan na tuna yadda aka raba waɗancan direbobin: wani ne ya je ya raɗa wa ɗayan cewa ɗan'uwansa sabon hannu ne, tsoron gadar yake, ba zai hau ba sai ya ga an haye. Na sunkuya kusa da kunnen Yaya.

"Yaya, na yi tambaya a kanta. Kunya gare ta sosai. Irin mutanen nan ne da ba sa kai hannu sai babba ya fara. In ba ki ci ba, haka za ta zauna har ta mutu."

"Ni ce babba?"

"Ke ce mana."

Ta ƙare wa matar kallo. "Anya? Ta fi ni tsufa nesa ba kusa ba."

"Wahala ce ta tsofar da ita. Ki kai loma ɗaya ki gani."

Yaya ta jawo kwanon. Ta ɗebi shinkafar kaɗan, idonta na kan taga, ta kai baki a hankali. Ta tauna. Sai ta damƙi hannuna.

"Ta ci, Auta."

"Na gani."

"Kada ka kalle ta, za ta daina."

Na juya kai. Ina jin ƙarar cokali a jikin kwano, yana tsayawa yana ci gaba. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ashe yunwa take ji. In na tsaya sai ta tsaya, dole in yi ta yi." Amarya ta sa bakin mayafi ta toshe baki ta fice kicin, ban sani ba dariya ce ko kuka. Ba a jima ba Yaya ta ƙwala mata kira.

"Amarya, ƙaro miya. Ba don ni ba."

Ba mu je asibiti ba. Da muka koma wajen likita daga baya ya ce nauyi ya fara dawowa, ya tambayi me muka canza, na ce taga muka fasa. Yanzu kullum lokacin abinci Amarya ke yaye labule, in an gama ta ja, Yaya ta ce a gaida gida. Teburin taya ya dawo wurinsa, furannin ma haka.

Ni dai har yanzu akwai abin da nake son sani. A ranakun da hankalinta ke gida sarai, takan zauna ta daɗe tana duban matar, ba gaisuwa, ba magana, sannan ta gyara ɗaurin ɗan kwalinta da kyau. Ko ta gane ta a irin ranakun? Na so in tambaya, rannan har na matso na tsaya a bayan kujerarta ina neman ta inda zan fara. Sai ta taɓo ni da gwiwar hannu, ta nuna tagar da haɓa.

"Auta, wane ne wancan tsohon da ke tsaye a bayanta?"

"Ƙaninta ne, ina ji."

Ta ɗan ja tsaki. "Ya cika sa ido. Ka ce masa ya zauna, ya bar ta ta ci abincinta."

Na nemi wuri na zauna.