Lambatun Kan Iyaka

Daminar bara ta zo wa Tsiga da ƙarfi. Malam Mudi, dattijo mai noman masara a yammacin garin, ya ga ruwa yana kwanciya a gefen gonarsa, sai ya sa aka ɗaga masa tudun ƙasa ya tare shi. Bai sake leƙa wajen ba, domin matarsa Adama ta kwanta ciwon ƙafa, kullum yana kan hanyar asibiti a Funtua. 'Ya'yansa maza kuwa duk suna Kaduna.

A tsakanin nan, duk wanda ya yi sallama a ƙofar gidan, kuka ya kawo. Wannan ya ce awakin gidan sun cinye masa kuɓewa, wancan ya ce katanga ta karkato wajensa. Kowa ya sauke nasa, ya kaɗe riga ya tafi. Har ta kai in Malam Mudi ya ji sallama sai gabansa ya faɗi.

Ran wata Asabar da hantsi sai ga Enoch, maƙwabcinsa na gona, ƙafafunsa duk taɓo. Suka gaisa a zaure, ya tambayi mai jiki, sannan ya gyara zama.

"Baba, tudun nan da ka ɗaga, gonata yake juyo da ruwan. Waken suyan da ke gangare har ya fara rawaya."

Kunya ta rufe Malam Mudi. Da mahaifin Enoch suka yi zaman iyaka shekara da shekaru, ko cacar baki ba ta taɓa haɗa su ba. Yanzu ga shi yana hango kansa durƙushe gaban mai gari.

"Wallahi ban sani ba, Enoch. To me kake so? In rushe, masarata ta nutse?"

"A'a, Baba, ba rushewa ta kawo ni ba. Jiya ana cikin ruwan na bi shi da ƙafa, na ga inda yake son zuwa."

Ya ɗauki tsinke ya zana gonakin biyu a ƙasa. Ya ce idan aka haƙa lambatu a kan iyaka, ruwan zai miƙe ya faɗa rafin da ke ƙasansu, bai taɓa amfanin kowa ba. Kunyar shuka biyu aikin zai ci, kuma shi zai bayar daga wajensa.

"Wa zai haƙa? Kana ganin halin da nake ciki."

"Ƙannena sun yarda, da matasan cocinmu. Mannir mai shanun huɗa ma ya ce zai taho da samarin unguwarku. Amincewarka kawai ta rage."

Malam Mudi ya daɗe yana kallon zanen. Tun da Adama ta kwanta, yau ne wani ya kawo masa damuwa ya haɗo da mafita. Ya sunkuyar da kai yana gyaran hula.

"Na amince. Amma ba za ka yi asara biyu ba. Kunya ɗaya taka, ɗaya tawa."

Aka yi gayya. Aikin bai zo da sauƙi ba, domin a tsakiya suka tarar da dutse, dole aka karkata lambatun ya ƙara cin masarar Malam Mudi. Ya ce a ci. Waken da ya riga ya ruɓe bai tashi ba, amma sauran ya farfaɗo, ruwa kuma ya samu hanyarsa.

Da masara ta nuna, Malam Mudi ya ɗaura buhu a bayan babur ya kai gidan Enoch da kansa. Enoch ya ce ai da ma an bari, shi bai yi wani abu ba.

"Ka yi," in ji dattijon. "Ka zo da magana mai nauyi, amma ba ka bar ni na ɗauka ni kaɗai ba. Allah ya saka maka, ya raya maka zuri'a."

Salama, matar Enoch, ta leƙo ta ce gobe za ta zo ta yi wa Adama wanki, tunda ƙafar ba ta gama warwarewa ba. Malam Mudi ya buɗe baki zai ce kada ta wahala, sai kuma ya fasa.

"To, Allah ya kai mu," ya ce, ya tayar da babur.