Takardun Gidan Mai Banda

Turai tana da wata jaka mai zif wadda ba ta yarda kowa ya taɓa. A bayan ƙofa take rataye, kusa da hijabinta, yadda ko a guje mutum zai fita hannunsa zai kai gare ta. Tun lokacin da harbe-harbe suka kore su daga unguwarsu ta Ajilari a Maiduguri, suka je suka cunkushe a ɗakin mahaifiyarta a Mafoni babu ko katin asibitin 'yarta, ta ɗaura aniyar takarda ba za ta sake ba ta kunya ba. Da suka dawo sai ta zauna ta raba takardun gidan bisa ga wanda zai tambaye su. Na soja daban, wato katunan shaida da ake nunawa a shingen bincike. Na asibiti daban, na makaranta daban. Akwai kuma wani ƙulli da ta sa wa suna "ba mai tambaya", inda rasit ɗin rediyon da ya mutu tuntuni yake kwance da 'yan'uwansa.

Mijinta Madu dillalin banda ne a Kasuwar Kifi ta Baga Road. Sai dai a shekarar nan hanyar tafki a rufe take, kifi ba ya shigowa sai ɗan abin da ba a rasa ba, don haka a gida yake wuni. Namiji kuwa in ya rasa abin yi, gida ne ke ji a jikinsa. Ya gyara murfin randar da lafiyarsa ƙalau. Ya sauya wa akuya turke har ta daina gane shi. Da Turai ta tafi Mafoni jinyar mahaifiyarta, sai idonsa ya faɗa kan jakar.

Safiyar da ta dawo ita ce ranar ƙarshe ta ɗaukar 'yan aji ɗaya a firamaren unguwa. Yaran da aka gudo da su daga ƙauyuka sun cika makarantar maƙil, kuma an faɗa an nanata: wanda bai kawo takardar haihuwa yau ba, sai baɗi. Turai ta yi wa 'yarta Rahmat wanka, ta tufke mata gashi a tsakiyar ka da jan ribom, ta zuge jakar. Sai ta tsaya cak.

"Maigida, wa ya shiga jakar nan?"

Madu ya leƙo da buroshi a baki, fuskarsa cike da fara'ar wanda ke jiran yabo.

"Kin gani ko? Ai hargitse na same su, babba a kan ƙarama, ƙarama a ƙarƙashin babba. Ko yaron shago ba zai zuba kifi a kwali haka ba. Yanzu ga manya nan, ga matsakaita, ga ƙanana."

"Ƙanana," in ji Turai a hankali. Ta zaro ƙullin. Katin zaɓenta, katin rigakafin Rahmat da katin gayyatar bikin wata ƙanwarsa suna rungume da juna, an ɗaure su da zaren buhu. "To in soja ya tsare mu, sai in ce masa, ranka ya daɗe, wace kake so, babba ko ƙarama?"

"Ke dai ba kya yaba abin kirki."

"Zan yaba. Ina takardar haihuwar yarinyar nan?"

Ya ce tana cikin manya. Ba ta nan. Ya ce to matsakaita. Suka zazzage su a kan tabarma, babu. Rahmat ta tsaya a bakin ƙofa da sabon takalminta tana kallon wannan tana kallon wancan. Rana kuwa sai hawa take yi.

Turai ta ji faɗa ya zo mata har maƙogwaro, ta haɗiye shi. Faɗa ba zai fito da takarda ba. Ta zauna a kan turmi ta dube shi.

"Tsaya. In an sauke maka kaya a kasuwa, bayan ka raba manya da ƙanana, sai me?"

"Sai in ware karyayyu."

"Ba ta yage ba. Sai me?"

"Sai in shinshina. Wanda ya ja danshi ba a barinsa cikin 'yan'uwansa, zai ɓata su. Fitar da shi ake a shanya a..." Bai ƙarasa ba. Buroshin ya faɗo daga hannunsa, idonsa ya tafi sama.

"Innalillahi. A kan kwano?"

"Na danne ta da dutse fa! Laushi ta yi saboda damina."

Ya taka randa ya hau. Takardar tana nan a ƙarƙashin dutsenta, kusa da faifan tarwaɗar da ya shanya tare da ita. Ranar Maiduguri ta yi aikinta: kifin ya tsatso mai, man ya gangaro ya jiƙe kusurwar takardar har ana hango yatsa ta bayanta.

Suka tari keke suka nufi makarantar. Takardar ce kawai ke magana, don har direban ya waiwayo ya tambaya ko kifi ya fara shigowa gari.

Mai rajistar wata dattijuwa ce 'yar Biu, Malama Agnes, tana zaune a ƙarƙashin dalbejiya da layin iyaye a gabanta. Da layi ya zo kansu ta karɓi takardar da yatsa biyu, ta kai hanci, ta ɗaga ta sama.

"Wannan a miya za a sa ta ko a fayil?"

"Malama, a yi haƙuri," in ji Turai. "Babanta ne ya shanya ta."

"Suna ya fito, wata ya fito. Shekara kuwa mai ya cinye ta. Ni kuma an ce kar in ɗauki wadda ba ta kai shida ba, kujerun ba su isa ba." Ta dubi Rahmat ta saman tabarau. "Ga ta 'yar mitsitsiya. To sai mu koma irin na da. 'Yata, ɗora hannunki ta saman kai ki kamo kunnen can."

Turai ta dubi Rahmat. Ita ta san shekarun 'yarta sarai, ai ita ta haife ta, amma Rahmat ƙaramin jikin kakarta ta ɗauko. Yarinyar ta ɗaga hannu ta miƙa, ta cije leɓe. Yatsun suka tsaya saura ƙiris. Madu ya matso a hankali ya fara karkato mata kai.

"Malam, cire hannunka," in ji Malama Agnes ba tare da ta ɗago ba. "Ba awon kifi ake ba."

Matan da ke layi suka kwashe da dariya. Turai ba ta yi ba. Ta tsaya tana kallon inda hannun ya bi, sai ta ga abin da ya tokare shi. Ta durƙusa ta warware jan ribom ɗin, ta baje tulin gashin da tafin hannunta, ta danne shi sosai.

"Sake, Mamana. Yi bismilla."

Rahmat ta sake miƙawa. Ɗan yatsanta na tsakiya ya sauka a kan kunnen, ta kama shi gam.

"Ya taɓa!" in ji wata mata daga baya. "Wallahi ya taɓa, mu shaida ne!"

Malama Agnes ta ja rajista ta rubuta sunan, ta ce a je a sabunta takardar kafin ƙarshen zango, kuma a kawo ta ba ƙamshi.

Har suka fito titi Rahmat ba ta saki kunnen ba. Turai ta ce ta sauke hannu haka nan, an gama.

"A'a, Umma," in ji ta. "Sai mun je gida. Kar Malama ta leƙo ta ga na saki ta fasa."